Tarar Dala Biliyan 74: Tarihin Shari'ar Chadi da Kamfanonin Mai

A ranar 5 ga Oktoba, 2016, babbar kotun N'Djamena ta yanke wani hukunci da ya sa masu karanta labarai suka riƙa sake ƙirga sifiri, ko an yi kuskure wajen rubutu. Kotun ta ci gamayyar kamfanonin mai da ExxonMobil ke jagoranta tarar sefa tiriliyan 44, wato kimanin dala biliyan 74, ban da wasu dala miliyan 819 da ta ce bashin haraji ne da gwamnati ke bin su. Kuɗin tarar ya ninka abin da tattalin arzikin Chadi ke samarwa a shekara fiye da sau biyar. Ya ma zarce abin da kamfanin BP ya lissafa a matsayin asararsa bayan malalar mai ta 2010 a gaɓar tekun Amurka. Wata takwas bayan nan aka yi sulhu, aka yafe tarar, aka kuma tsawaita wa kamfanin izinin haƙar mai har zuwa 2050.

Na dawo da wannan labari ne saboda wata tambaya da ake yawan yi a 'yan shekarun nan, musamman idan ruwan Chari ya fara hawa gaɓa. A Amurka jihohi da birane suna kai kamfanonin mai kotu, suna neman su biya diyyar ɓarnar sauyin yanayi. To me ya hana Chadi, wadda ke cikin ƙasashen da suka fi kowa ɗanɗana kuɗar wannan sauyi, ta yi haka? Wasu na cewa rashin ƙarfi ne, wasu na cewa tsoron manyan kamfanoni ne. Tarihi bai goyi bayan wannan amsa ba. Chadi ta sha cin kwalar kamfanonin mai, ta kore su, ta ci su tara, ta ƙwace kadarorinsu. Abin dubawa shi ne a kan me take kai ƙarar, a madadin wa, kuma ina kuɗin ke tafiya idan an biya.

Yadda ake yi a can

Hujjar masu ƙara a Amurka ta dogara ne a kan takardun kamfanonin kansu. A 1977 wani masanin kimiyya na Exxon mai suna James Black ya yi wa shugabannin kamfanin bayani cewa ƙona man fetur da kwal da iskar gas na ɗumama duniya. Masana kamfanin suka ci gaba da bincike, suka yi hasashen yadda zafin zai ƙaru. A 2015 'yan jarida suka tono waɗannan takardu, a Janairun 2023 kuma wani nazari da mujallar Science ta buga ya nuna cewa hasashen nasu ya yi daidai da abin da ya faru. Duk da haka kamfanin ya shafe shekaru yana sa wa jama'a shakku a kan batun. Zargin ke nan: sun sani, sun ɓoye.

Biranen San Francisco da Oakland suka shigar da ƙara a 2017. Jihar Rhode Island ta bi a 2018, birnin Honolulu a 2020, jihar Kalifoniya a Satumbar 2023. Suna koyi ne da shari'ar kamfanonin taba sigari, wadda ta ƙare a 1998 da yarjejeniyar biyan jihohi 46 dala biliyan 206. Amma tafiyar na da sarƙaƙiya. An kori ƙarar birnin New York. An ɓata shekaru ana gardamar ko kotun jiha ce ke da hurumi ko ta tarayya. A Janairun 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi amsa roƙon kamfanoni na ta tsayar da shari'ar Honolulu, sai dai har ƙarshen wannan shekarar babu kamfanin da ya biya ko sisi a matsayin diyyar sauyin yanayi.

A Turai ma haka abin yake, a ci gaba a koma baya. A Mayun 2021 wata kotu a Holan ta umarci Shell ya rage hayaƙinsa da kashi 45 cikin ɗari kafin 2030, kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a Nuwambar 2024. Wani manomi ɗan ƙasar Peru, Saúl Luciano Lliuya, ya shafe kusan shekara goma yana shari'a da kamfanin lantarki na RWE a Jamus a kan abin da bai wuce yuro 17,000 ba. A Mayun 2025 ya faɗi, amma kotun ta amince cewa a ƙa'ida ana iya kama babban mai fitar da hayaƙi da alhakin ɓarnar da ta auku a wata nahiya.

Ɓarnar da ke ƙofar gidanmu

Idan maganar wanda aka cuta ake yi, Chadi ba ta buƙatar dogon bayani. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. A lokacin ne, ranar 22 ga Mayu, 1964, Chadi da Najeriya da Nijar da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi, hedikwatarta kuma a wannan birni, wanda a lokacin ake kira Fort-Lamy. Fari na farkon shekarun 1970 ya raba tafkin gida biyu, na 1984 ya kusa ƙarasa shi, har ya koma kimanin kashi ɗaya cikin goma na girmansa na da. Masunta Hausawa da Barebari da Buduma suka riƙa bin ruwa yana gudu, garuruwan da ke bakin gaɓa suka wayi gari ruwa ya yi musu nisan tafiyar yini.

A nan dole a yi adalci, domin lauyan kamfani ba zai bari a wuce wurin ba. Tafkin ya saba cika da janyewa tun kafin a san fetur, kuma daga shekarun 1990 ya ɗan farfaɗo. Wanda ya je kotu da hoton tafkin 1963 da na 1987 kaɗai, za a kayar da shi kafin azahar. Hujjar da ta fi ƙarfi yanzu tana ɓangaren ambaliya. A daminar 2022 ruwa ya shafi mutum sama da miliyan ɗaya a Chadi, unguwanni irin su Walia da Toukra suka koma sai da kwalekwale, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a watan Oktoba. Gungun masana na World Weather Attribution suka yi lissafi, suka ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar samun irin wannan ruwan sama a yankin Tafkin Chadi kimanin sau 80. A 2024 abin ya fi muni: mutum sama da 570 suka rasu, kusan miliyan biyu ambaliyar ta shafa. Alhali hayaƙin da ɗan Chadi ke fitarwa a shekara bai kai rabin tan ba, na Ba'amurke kuwa ya haura tan 13.

Wanda aka cuta yana nan, shaida ma ta fara samuwa. Saura mai ƙara. Don a gane abin da ya ɗaure masa hannu, sai mun koma farkon labarin man Chadi.

Daga Doba zuwa Kribi

An fara neman mai a Chadi tun 1969, zamanin Shugaba Tombalbaye, aka kuma same shi a cikin shekarun 1970 a Kanem da kuma yankin Doba a kudu. Exxon ya shigo cikin gamayyar a daidai shekarun da masanansa ke rubuta rahotannin ɗumamar duniya, kuma a daidai lokacin da fari ke kashe shanu a Sahel. Yaƙin basasa ya tsayar da aikin. Sai a Yunin 2000 Bankin Duniya ya amince ya sa hannu a shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa tashar Kribi a gaɓar tekun Kamaru. ExxonMobil na da kashi 40 cikin ɗari, Petronas na Malesiya 35, Chevron 25.

Sharaɗin bankin shi ne dokar sarrafa kuɗin mai ta 1999. Dokar ta ware kashi 10 cikin ɗari a asusun 'ya'ya da jikoki masu zuwa. Cikin abin da ya rage, kashi 80 na lafiya da ilimi da hanyoyi da raya karkara ne, kashi 5 kuma na yankin da ake haƙo man. An yi ta yayata tsarin a matsayin abin koyi ga Afirka. Akwai waɗanda suka yi gargaɗi tun da wuri. Ɗan majalisa Ngarlejy Yorongar, wanda ya fito daga yankin, ya sha ɗauri a 1998 bayan sukar da ya yi wa aikin, ya kuma kai koke gaban kwamitin bincike na Bankin Duniya a 2001. Lauya Delphine Djiraibé ta nemi a jinkirta aikin har sai an gina hukumomin da za su iya tsare kuɗin. Ba a saurare su ba. Tun a 2000, daga cikin dala miliyan 25 na goron sa hannu da kamfanoni suka bayar, gwamnati ta sayi makamai na dala miliyan huɗu da rabi.

Mai ya fara gudana a 2003. A Disambar 2005 majalisa ta gyara dokar, ta rushe asusun masu zuwa, ta sa tsaro cikin abubuwan da za a kashe wa kuɗin. Shugaba Idriss Déby ya ce ba zai ajiye kuɗi don jikoki ba alhali 'yan tawaye na ƙofar gari, kuma lallai sun shigo N'Djamena a Afrilun 2006 da Fabrairun 2008. A Satumbar 2008 Bankin Duniya ya karɓi kuɗinsa ya fice. Daga nan mai ya zama abu tsakanin fadar shugaban ƙasa da kamfanoni, babu na uku a tsakani.

Rigingimu huɗu, salo ɗaya

Ta farko ta auku a Agustan 2006. Déby ya ba Chevron da Petronas sa'o'i 24 su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar, bisa zargin ƙin biyan haraji. Kafin shekara ta ƙare an daidaita, kamfanonin suka amince su biya sama da dala miliyan 280, aiki ya ci gaba.

Ta biyu ce ta fi kusa da batunmu, domin a kan muhalli aka yi ta. A cikin wannan wata na Agustan 2006 Chadi ta yanke hulɗa da Taiwan ta koma wa Sin, abin da ya share wa kamfanin CNPC hanya. Shi ya gina matatar Djermaya a arewacin N'Djamena, wadda aka buɗe a 2011. A Agustan 2013 ministan mai, Djerassem Le Bemadjiel, ya ziyarci Koudalwa, kimanin kilomita 200 kudu da babban birnin, ya tarar da ramuka da aka haƙa ana zuba ɗanyen mai a ciki, ana kuma sa lebura 'yan ƙasa su kwashe ba tare da kayan kariya ba. Gwamnati ta dakatar da aikin kamfanin. A Maris na 2014 ta ci shi tarar dala biliyan 1.2. Da ya ƙi biya, ta soke masa izinin bincike guda biyar, ta ce za ta kai shi kotu a N'Djamena da Faris. A Oktoban 2014 aka sasanta a kan dala miliyan 400, kashi ɗaya cikin uku na tarar, tare da ba gwamnati hannun jari a rijiyoyin. Wannan babbar nasara ce idan aka duba yadda ƙasashen Afirka ke lallaɓa kamfanonin Sin. Amma mai karatu ya lura da inda maganar ta ƙare. An fara da ƙasar noma da aka gurɓata da lebura da aka jefa cikin haɗari, aka rufe da rabon hannun jari.

Ta uku ita ce ta dala biliyan 74. Asalin gardamar wani haraji ne na fitar da kaya. Ma'aikatar kuɗi ta ce kashi 2 cikin ɗari ne, kamfanonin suka ce yarjejeniyarsu ta ce 0.2. A lokacin farashin mai ya faɗi warwas tun daga 2014, baitulmali ya bushe, ma'aikata na yajin aiki saboda an zabtare musu alawus. Babu wanda ya yi zaton za a biya wannan tara, har da waɗanda suka nema. Farashin farko ne irin na ɗan kasuwa, a faɗi da yawa don a samu abin ragewa. A Yunin 2017 ciniki ya faɗa.

Ta huɗu ta zo bayan rasuwar Idriss Déby a Afrilun 2021. A Disambar 2022 ExxonMobil ya sayar wa kamfanin Savannah Energy na Ingila kadarorinsa na Chadi da Kamaru a kan dala miliyan 407, ya kama gabansa. Gwamnatin Mahamat Idriss Déby ta ce ba da yawunta aka yi cinikin ba, a Maris na 2023 ta mayar da kadarorin mallakin ƙasa, rigimar ta koma gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa. Exxon ya fita bayan kusan shekara ashirin yana haƙa, wata biyu kacal bayan dokar ta-ɓacin ambaliya. A duk cacar bakin da aka yi kan tafiyarsa, maganar wa zai gaji rijiyoyin ce ta mamaye fili.

Waɗanda ba a kira su shaida ba

Akwai shari'a ta biyar, wadda gwamnati ba ita ta ɗauke ta ba. A Satumbar 2018 bangon wani tafkin dattin ruwa ya fashe a filin mai na Badila da ke kudu, wanda ke hannun kamfanin Glencore a lokacin. Ruwan ya bi gonaki ya faɗa kogin Nya Pende. Mazauna ƙauyuka da dama, ciki har da yara, suka ba da rahoton ƙuna da ƙuraje bayan sun yi wanka a kogin, suka ce dabbobinsu sun mutu. Kamfanin ya musanta cewa ruwansa ne sanadi. Waɗanda suka kai maganar har Landan a 2020 ƙungiyoyin fararen hula ne: cibiyar lauyoyi ta PILC da Delphine Djiraibé ta kafa, da wata ƙungiyar matasan yankin, da ƙungiyar RAID ta Ingila.

Mai karatu zai so ya san cewa a 2014 Glencore ne ya shirya wa Chadi rancen sama da dala biliyan ɗaya don ta sayi kason Chevron, a riƙa biya da ɗanyen mai. Farashi ya faɗi, bashin ya zama ƙarfen ƙafa, har aka sake tsara biyansa a 2015 da 2018 da 2022. Wanda ake bi bashi irin wannan ba ya ɗaga murya a gaban mai bin sa. Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Abin da tarihin ke nunawa

Ga abin da na fahimta daga waɗannan shekaru ashirin. Jihar Rhode Island ba ta da rijiyar mai ko ɗaya, birnin Honolulu ma haka, shi ya sa suke iya cewa mai ya cuce su. Gwamnatin Chadi kuwa ta hannun kamfaninta na SHT abokiyar haƙa ce, yanzu ma ita ce mai rijiyoyin Doba. Mai ne mafi yawan abin da ƙasar ke sayarwa waje, da shi ake biyan soja da malamin makaranta. Ranar da ta tsaya gaban alƙali ta ce hayaƙin mai ne ya cinye Walia, lauyan ɗaya ɓangaren zai miƙe ya tambayi wa ya ba da izinin haƙa har 2050. Akwai amsa mai kyau ga wannan tambaya, domin man Chadi ɗigo ne a cikin teku, kuma ba Chadi ce ta ɓoye binciken 1977 ba. Amma amsar na buƙatar gwamnatin da ta shirya a buɗe littattafanta ita ma.

Matsala ta biyu ita ce kotun kanta. Hukuncin da ya fito daga N'Djamena ba shi da hannun da zai kai asusun kamfani a Texas, kuma yarjejeniyoyin mai kan tura rigima gaban masu sasanci a Turai. Tarar 2016 ta ƙara raunana mu ta wannan fuska. Kotun da ta yanke dala biliyan 74 yau aka yafe gobe, ta koya wa duniya cewa hukuncinta buɗe ciniki ne. Manoman Neja Delta da suka yi nasara a kan Shell sun same ta ne a kotunan gidan kamfanin: mutanen Bodo sun karɓi fam miliyan 55 a 2015 ta hanyar shari'ar Landan, wasu manoma kuma suka ci nasara a Hague a Janairun 2021 bayan shekara goma sha uku suna jira.

Duk da haka ƙofa ta fara buɗewa. A taron yanayi na Sharm el-Sheikh a 2022 an amince da kafa asusun biyan asara da ɓarna. Ranar 23 ga Yuli, 2025, Kotun Duniya da ke Hague, bisa yunƙurin da ƙaramar ƙasar Vanuatu ta jagoranta, ta ba da fatawar cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe, kuma wadda aka cuta na iya neman diyya. Fatawar ta ce ba da izinin haƙar mai da tallafa masa na iya zama laifi a dokar ƙasa da ƙasa, don haka wuƙar na da kaifi biyu ga ƙasa irin tamu. A Mayun 2025 kuma ƙungiyar lauyoyin Afirka ta PALU ta nemi irin wannan fatawa daga Kotun Afirka da ke Arusha. Muryar Chadi da aka fi ji a waɗannan zauruka ta Hindou Oumarou Ibrahim ce, Bafulatanar Mbororo da ta girma a N'Djamena, wadda ta shafe shekaru tana kai kukan makiyaya tarukan duniya.

Ina goyon bayan a nemi diyya, domin haƙƙi ne. Sai dai kafin a ɗauki lauya, ina ganin akwai aikin gida. A rubuta asarar kowace ambaliya gida gida da gona gona, da suna da adadi, domin alƙali ba ya karɓar kuka sai da lissafi. A ƙarfafa ma'aunan ruwan sama da na kogi, a adana bayanansu, tunda da su masana ke gina hujja. Ƙasashen Hukumar Tafkin Chadi su yi magana da baki ɗaya, don ruwan da ya ci Walia shi ya ci Kousseri a tsallaken kogi, kuma damina ɗaya ce ta 2024 ta nutsar da Maiduguri. Mafi muhimmanci, a kafa doka tun yanzu kan inda kuɗin diyya zai tafi idan ya zo, da wakilan masunta da manoma da makiyaya a cikin masu tsaronsa. Mun taɓa yin irin wannan doka a 1999, ba ta cika shekara bakwai ba aka warware ta. Idan ba a ɗaure ta fiye da waccan ba, ko an ci shari'ar za a koma gidan jiya, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Mutanen Koudalwa da na Badila suna nan da ransu, haka waɗanda suka kwana a tantuna a Toukra. Duk wanda zai shigar da ƙara da sunan Chadi, ya fara zuwa ya tambaye su abin da suka gani daga shari'o'in baya. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ruwa da na fari.